Tramol ta bi motar shanu zuwa Kudu

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin. To, mu da muka tashi a kara mun ga inda matsalar ta fi kamari yanzu: tramol.

Yaron da zai raka shanu daga Suleja zuwa Legas ba barci, sai ya haɗiya wai don ƙarfi. Tun yana shan ɗaya har jiki ya nemi uku. In ya rasa, sai zufa da ciwon gaɓɓai. In ya zarce, sai farfaɗiya.

Kamen NDLEA kaɗai ba zai isa ba. Iyayen gidanmu na Agege da Sabon Ibadan, a riƙa haɗa yara biyu suna karɓar juna a hanya. Wallahi ɗan mutum ya fi sa tsada.