Sai Waya Ta Tsinke Sannan Za A Farga?

'Yan'uwa ɗalibai, ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu ɓarna sun riga sun lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma na Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka jingina da shi, ya tsaya cik. Abin takaici, sai da ma'aikata suka yi kwanaki suna kutsa daji kafin su gano wayar da ta tsinke a wata fadama ta Igumale, Jihar Binuwai. Kafin nan injin niƙa ya yi shiru, mai walda ya naɗe hannu, mai ƙanƙara ya ga jarinsa ya narke.

Mu dai tambayarmu ɗaya ce: don me har yau ake neman ciwon layi da ƙafa?

Tun 1968 aka gama madatsar Kainji, kuma layukan da suka fara ɗauko wutarta sun haura shekara 50. Ƙarfe yakan yi tsatsa, tangaran mai riƙe waya yakan tsage, waya kuwa in ta ɗau zafi sai ta miƙe ta lanƙwaso ƙasa. Duk waɗannan sukan ba da alama tun kafin su yi ɓarna, kuma akwai ƙananan na'urori da ake maƙalawa a jikin waya da turaku domin su ji alamar. Wata tana auna zafi, wata tana auna lanƙwasa, wata tana jin girgizar turke ko da ɓarawo ne yake kwance shi. Nan take sukan aika labari ofis, injiniya ya san inda zai fara gyara da ranar da zai yi.

Kada a ɗauka sakaci namu ne kaɗai. A 2018, a Kalifoniya ta Amurka, wata tsohuwar ƙugiya ta karye a kan layin da ya kusa shekara 100, gobara ta cinye garin Paradise, mutum fiye da 80 suka halaka.

Za a ce na'urorin suna da tsada. To, duhun mako guda araha ne? Wanda ke cin ribar gyaran gaggawa ɗan kwangila ne. Talaka shi ke biya.

Saboda haka muna kira ga mahukunta su fara da tsofaffin layuka, su buga jadawalin gyara kowa ya gani, su kuma ba injiniyoyin da jami'o'inmu ke yayewa aikin karanta abin da na'urorin suka faɗa, gama na'urar da ba mai saurarenta ado ce kawai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.