Gardamar FL Studio da Cubase ta shigo gidajenmu

Duk malamin da ke koyarwa a kolej ko lise a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, in ya kasa kunne lokacin shan iska, zai ji wasu sunaye na yawo a bakin ɗalibai waɗanda babu su a kowane littafin aji: FL Studio, Cubase, Pro Tools, BandLab. Manhajoji ne na haɗa kiɗa a kwamfuta ko a salula. Samari na gardama a kansu a fada kamar yadda suke gardamar Barcelona da Real Madrid. Wannan ya ce FL Studio ta ƴan koyo ce, wancan ya ce masu situdiyo na gaske da Cubase suke aiki, wani ya ce wanda bai taɓa Pro Tools ba bai ma fara ba. Da a bakin butar shayi gardamar ke ƙarewa, da ban ce komai ba. Amma tana biyo yaro gida ta zama maganar kuɗi: a sayo masa kwamfuta mai ƙarfi, a biya masa horo wurin wane domin shi ke da manhajar ƙwararru. Uba kuwa, in ya biya bai san abin da ya saya ba, in ya hana bai san abin da ya hana ba.

Ni a ganina, sunan da kowace manhaja ta yi, mai kyau ko marar kyau, yawancinsa labarin farashinta ne da labarin mutanen da suka fara riƙe ta. Abin da ya shafi ingancin kiɗan da ke fita daga cikinta kaɗan ne a ciki.

Mu ɗauki FL Studio, tunda ita ce ta fi farin jini wurin yaranmu kuma ita ce aka fi rainawa. Wani kamfani ne na ƙasar Beljiyam mai suna Image-Line ya fito da ita a ƙarshen 1997, wani matashi Didier Dambrin ya rubuta ta. A lokacin sunanta FruityLoops, kuma ba ta wuce ƴar na'urar buga ganga a allon kwamfuta ba. Sunan ya yi kama da na wani abincin karin kumallo na yara a Amurka, ga ta da araha, ga launuka kamar wasan bidiyo. Masu manyan situdiyo suka ɗauke ta abin wasa. A 2003 kamfanin ya sauya mata suna zuwa FL Studio, amma rainin bai bar ta ba. Abin dariya shi ne a wannan shekarar ce wani mai haɗa kiɗa da ake kira 9th Wonder ya yi amfani da ita ya haɗa ɗaya daga cikin kiɗan faifan Jay-Z mai suna The Black Album. A 2007 wani yaro, Soulja Boy, wanda bai kai shekara 18 ba, ya haɗa waƙa da ita, waƙar ta yi mako 7 tana ta ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. Daga baya Avicii na Suwidin da Martin Garrix na Holan suka cika filayen wasa da kiɗan da suka haɗa a cikinta. Manhajar ta girma ƙwarai tun zamanin FruityLoops, amma har yau za ka ji mai cewa ta yara ce, don haka ya ji ana faɗa.

Ita kuwa Pro Tools, darajarta ba ta banza ba ce. Kamfanin Digidesign na Kalifoniya ya fito da ita a 1991, farashinta na farko kusan dalar Amurka 6,000 tare da na'urorinta, don haka manyan situdiyo kaɗai suka iya sayenta. Ta ƙware wajen ɗaukar makaɗa da yawa a lokaci guda, kowa da makirufonsa, da wajen gyaran sautin fim. Tunda manyan wurare duk ita suke da ita, aiki na iya tashi daga wannan situdiyo zuwa wancan ba tare da matsala ba, sai ta zama kamar Faransanci a ofisoshinmu: ba don ya fi sauran harsuna daɗi ba, don da shi takardu ke yawo. Wanda zai nemi aikin injiniyan sauti a babban gidan talabijin ko kamfanin fim, sanin ta zai amfane shi. Yaron da ke ajin BEPC da tsohuwar kwamfutar yayansa bai kai nan ba tukuna. Cubase kuma, ta kamfanin Steinberg na Hambug a Jamus, tun 1989 take, kuma ta yi suna wurin masu kaɗa fiyano. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga masu situdiyon da na sani, waɗanda suka taso da fiyanon Yamaha irin na waƙoƙin fina-finan Kano, sun fi sakin jiki da ita.

Iyakar da ake cewa tana tsakanin mai aiki a gida da ƙwararre ma ta daɗe da rushewa. A bikin Grammy na 2020, faifan Billie Eilish ya ci kyautar faifan shekara, har da kyautar ingancin ɗaukar sauti, alhali a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka ɗauke shi, a gidan iyayensu, da manhajar Logic ta kamfanin Apple. Sai dai akwai abin da samari ba sa faɗa in suna ba da wannan labari: bayan an gama ɗauka, wani ƙwararre aka miƙa wa aikin ya daidaita sautin, wani kuma ya yi gyaran ƙarshe. Kunnen da ya yi shekaru yana aiki ba a sauke shi daga intanet.

To me ya ba FL Studio farin jini a unguwanninmu? Sauƙi yana ciki, ba shakka: yaro na iya haɗa bugun ganga cikin minti biyar bai san sunan ko sauti ɗaya ba, kuma darussanta da Faransanci sun cika YouTube. Amma mu faɗi gaskiya, babban dalili shi ne kwafin sata. Nau'in da ke ba ka damar ɗaukar murya sosai ya kusa dalar Amurka 200, wato ya haura jika ɗari na kuɗinmu, kuma da katin banki ake biya. Yara nawa ke da wannan? Sai a kwafo wadda aka ɓalle wa makulli daga kwamfutar aboki ko a shagon masu tura waƙoƙi. Banza ba ta kai zomo kasuwa: irin waɗannan kwafi sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma sau da yawa kwamfutar nan ita ce wadda uba ke ajiye takardun aikinsa a ciki. Ban da haka, muna koya wa yaro a aji kada ya ɗauki biron wani, a gida kuma muna kallonsa yana aiki da kayan da ba a biya ba, gobe kuma shi ne zai yi kukan an kwafe masa waƙa ba a ba shi ko dala ba. Alhali akwai hanyoyi na halas. Audacity kyauta ce, tun 2000 take, ta isa ɗaukar murya da gyara ta. LMMS kyauta ce, tsarinta ya yi kama da na FL Studio. BandLab na aiki a salula ba tare da an biya ba. Ita kanta FL Studio tana da nau'in gwaji da ba ya ƙarewa, wanda ke barin ka fitar da kiɗanka, sai dai ba za ka sake buɗe aikin da ka ajiye ba sai ka saya.

Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne abin da manhajar ke koya wa kunnen yaro ba tare da ta yi magana ba. In ka buɗe FL Studio, abin da zai fara tarbarka layuka ne na ƴan akwatuna 16, an kasa su huɗu-huɗu, da gangunan da aka riga aka ɗora maka irin na kiɗan Amurka. Allon sautinta kuwa fiyano ne mai matakai 12, babu komai tsakanin mataki da mataki sai in ka san yadda za ka nemo shi. Kiɗanmu da yawa ba haka yake tafiya ba. Ku saurari kiɗan kokowa ko na ƴan tauri ko luguden mata a turmi: za ku ji bugu uku na hawa kan biyu, wani na ɗan jinkiri, wani na ɗan riga, kuma a wannan ɗan jinkirin daɗin yake. Kalangu kuwa magana yake yi. Mai kaɗa shi na matse tsarkiya a hammata sautin ya hau, ya saki ya sauka, yana bin hawa da saukar harshen Hausa, har mai saurare ya gane kirarin da ake yi. Wannan zamewar sauti ba ta zauna cikin akwati ba. Manhajar na iya yin ta, ana iya sauya ƙidaya, ana iya kashe abin da ke jawo kowane bugu kan layi, amma sai wanda ya san akwai abin da ya ɓace ne zai je nema. Yaron da kunnensa bai sha kalangu ba, abin da ya tarar a allo shi zai ɗauka shi ne kiɗa.

Haka abin yake da Auto-Tune, wadda wani injiniya Andy Hildebrand, da ya yi aikin binciken man fetur, ya ƙirƙiro a 1997. Aikinta ta jawo murya zuwa matakin sauti mafi kusa. An yi ta don gyaran ƙananan kurakurai, mu kuma muka mayar da ita gishirin kowace miya, har muryar wannan mawaƙiya ba ta rabuwa da ta waccan.

Kada a ce ina kushe na'ura. Ƙasar nan na da tarihi da ita. Mamman Sani, wanda shi ma ya taɓa koyarwa, ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki irin na fiyano a 1978, kuma ya yi shekaru ana jin sa a rediyo da talabijin na ƙasa tsakanin shiri da shiri. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, cike da Auto-Tune irin na waƙoƙin Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula kafin Turai da Amurka su san shi. Hama na Yamai ya fitar da faifan Houmeissa a 2019, ya zuba waƙoƙin makiyaya da na biki cikin kiɗan kwamfuta. Dukansu sun zo wa na'urar da kaya a kunnensu. Babu wanda ya saurare su a waje don sunan abin da suka yi aiki da shi. Abin da ba a da shi a can ne suka kai.

A makarantar horon malamai an koya mana mu fara daga abin da yaro ya sani mu kai shi ga wanda bai sani ba. Ga abin da suka sani ya zo har cikin aji, mu kuma muna ƙwace salula muna wucewa. Akwatuna 16 ɗin nan darasin kason lissafi ne a shirye: rabi, rubu'i, ɗaya bisa takwas. Ɗalibin da ke barci in ana maganar girgizar sauti a darasin kimiyya, shi ne da dare yake rage ƙarar sauti mai kauri yana ƙara mai siriri, bai san abu ɗaya ba ne. Malamin da ya ce wa ɗalibansa kowa ya je ya ɗauko muryar kakarsa tana waƙar daɓe ko ta niƙa, ya rubuta kalmomin, sannan ya gwada ɗora bugun a manhaja ya ga inda ya ƙi zama, ya koyar da harshe da lissafi da tarihi a aiki guda, kuma salula ɗaya ta isa ƙungiyar mutum biyar.

Na san tsoron iyaye, ni ma uba ne. Akwai tsoron a ce ɗan gidan wane ya zama maroƙi, akwai na abokan banza, akwai na dare da ke tafiya a gaban allo ga jarrabawa na matsowa. Na ƙarshen nan gaskiya ne ƙwarai, domin manhajar nan na cin lokaci kamar gara, kuma yawancin masu taɓa ta ba za su ci abinci da ita ba. Amma aikin sauti ya fi waƙa faɗi: gidajen rediyon al'umma, masu tallace-tallace, masu fim, masu ɗaukar karatu da wa'azi, duk suna neman wanda zai tsabtace musu murya. Saboda haka in ɗanka ya zo da maganar manhajar ƙwararru, kada ka tambaye shi sunanta. Ka ce ya kunna maka abu uku da ya gama da wadda ke hannunsa, daga farko har ƙarshe. In babu ko ɗaya, sabuwar manhaja ba za ta gama masa ba. In akwai, kuma kana da abin kashewa, makirufo mai kyau da abin saurare na kunne sun fi lasisi mai tsada amfani a wannan mataki, bargo biyu a bango kuma na rage amsa-kuwwar ɗaki. Sharaɗin da na ga yana aiki a gidaje da dama shi ne kwamfuta ta huta daga watan Afrilu har a fito daga ɗakin jarrabawa. Hutun damina wata uku ne, kuma a cikinsa akwai ranakun kasuwa da makaɗan kalangu ke zuwa gari.