Na'ura ta ba da maki, wa zai ja layi?

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince manhajojin ƙirƙirarriyar basira su riƙa karanta hoton ƙirji don zaƙulo masu tarin fuka, daga 'yan shekara 15 zuwa sama. Ga Najeriya, inda cutar ta yi katutu kuma ƙwararrun masu karanta hoto suka tattare a manyan birane, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai manhaja irin CAD4TB ba ta yanke hukunci. Maki take bayarwa, daga 0 zuwa 100, kuma mutane ne ke tsayar da makin da zai kai mutum gwajin kaki a na'urar GeneXpert. In an sassauto da layin, kayan gwaji su ƙare a kan masu tsohon tabon huhu. In an ɗaga shi, mai cutar ya koma gida yana tari cikin iyalinsa.

Bai dace a bar wa kamfanin da ya sayar da manhajar wannan zaɓi ba. Hukumomin lafiya su jarraba ta da hotunan al'ummarsu, su bayyana makin da suka tsayar da dalilinsa.