HAYAƘIN MOTA DA RANGADIN MAKARANTU: AMSA GA MASU SUKA

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota wadda a ke ƙerawa da ɗakin kwana a cikinta, da murhu, da makewayi, da tankin ruwa. Lokacin hutu mutum ya kan ɗauki iyalinsa a ciki su yi ta yawon buɗe ido, duk inda dare ya yi musu nan ne gida. Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta hana mutane shiga jirgin sama da kwana a otal, kasuwar waɗannan motoci ta buɗe ƙwarai, musamman a Jamus. Yawan nan nasu kuwa shi ya jawo musu suka. A arewacin Sikotilan akwai wata hanya mai tsawon mil 516 wadda aka fara tallata wa masu yawon buɗe ido a 2015, mutanen ƙauyukan da ke bakinta sun yi ta kuka, sun ce motocin suna toshe musu ƙananan hanyoyi, waɗansu kuma suna juye ƙazantar makewayinsu a gefen titi. A ƙasar Niyu Zilan har sai da aka ƙarfafa doka a 2023, aka ce motar da ba ta da kafaffen makewayi ba za ta riƙa kwana a filayen hukuma yadda ta ga dama ba. Su kuma masu motocin suka ba da amsa, suka ce wanda ya hau jirgin sama ya je hutu nesa ya kwana a otal ya fi su ɓata iska.

Mai karatu ya iya cewa, to, mu ina ruwanmu da gardamar Turawa, alhali ko a Dutse da wuya ka ga irin motar nan? Dalili shi ne irin wannan suka ta iso ƙofarmu. Samarinmu masu ilmin zamani, waɗanda suka karanta labarin ɗumamar duniya, sun fara tambaya: don me ma'aikatan Gwamnati su ke ta kai da kawowa cikin manyan motoci da sunan rangadi, suna ƙona mai, suna tada ƙura, ga kuwa wayar hannu a aljihun kowa? Tambayar ta cancanci amsa mai hujja, gama masu yin ta ba mahaukata ba ne, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Lissafi Tukuna

Kafin a yi gardama ya kamata a yi lissafi, kamar yadda mu ke koya wa yara. Masana sun tabbatar lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fid da wajen kilo 2.3 na iskar kabon, watau iskar nan da ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana. Lita ɗaya ta dizal kuwa wajen kilo 2.7 ta ke fitarwa.

To, a ce tafiya ce ta kilomita 100, watau ƙasa kaɗan da nisan Dutse zuwa Kano. A ce motar nan mai ɗakin kwana ta sha dizal lita 12, ta fid da kilo 32 ke nan. In miji da mata ne kaɗai a ciki, kowannensu ya ɗauki alhakin kilo 16. A ce kuma babbar motar ofis ta sha fetur lita 14, ita ma kilo 32 ne, in kuwa ma'aikaci ɗaya ta ɗauka da direbansa, duka nauyin a kansa ya ke, tun da saboda shi aka tashi motar. Bas mai ɗaukar mutum 18 in ta sha lita 13 ta fid da kilo 30, kowane fasinja bai kai kilo 2 ba. Babur mai shan lita 3 bai wuce kilo 7 ba.

Duk wanda ya dubi wannan lissafi zai ga inda maganar ta ke. Motocin nan uku kusan hayaƙinsu ɗaya, abin da ya raba su shi ne yawan mutanen da ke ciki. Saboda haka amsar da Turawa masu motar kwana su ke bayarwa gaskiya ce in motar cike ta ke da iyali, tafiyar kuma ba mai nisa ba ce. In mutum biyu ne suka ratsa ƙasa uku a cikinta, hujjarsu ta yi rauni. Haka nan kuma a wurinmu. Ayarin mota 10 da ya tashi don buɗe aji biyu a ƙauye zai sha lita 140 a kilomita 100, ya fid da kilo fiye da 320. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 har ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. A wancan farashi, man ayarin nan kaɗai Naira 140,000 ne, ban da na komowa. A nan masu suka sun yi gaskiya, babu abin da za mu kare.

Inda Suka Zarce

Amma fa da suka ce a bar rangadi a koma ga waya, a nan mu ka rabu da su. Waya ba ta ƙirga yara a aji. Ba ta ganin rufin da iska ta yaye, ko rijiyar makaranta da ta ƙafe, ko rajistar da aka cika sunaye alhali benci babu kowa. Hedimastan da bai zo aiki ba zai iya amsa waya daga kasuwar Shuwarin ya ce yana ofis. Masarautar Dutse kaɗai ta ƙunshi ƙananan hukumomi 7, watau Dutse, da Kiyawa, da Birnin Kudu, da Gwaram, da Buji, da Jahun, da Miga, kowacce da ƙauyuka masu nisa da kwalta. Malamin kirki da ke can ƙauye, in shekara ta zagayo ba wanda ya leƙo aikinsa, gwiwarsa za ta yi sanyi. Rago kuma zai sami wurin ɓuya. Waɗanda za su biya wannan hasara su ne 'ya'yan talakawa, waɗanda iyayensu ba su da halin kai su makarantar kuɗi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma aikin duba makarantu kacokan a kan wannan karin magana aka gina shi.

Kada kuma a ɗauka rangadin dā, na doki da 'yan alaro, bai da nauyi a kan ƙasa. Dattawa sun san abin da ƙauye ya kan tara in Joji ko Hakimi zai sauka a bariki: itacen wuta, da ciyawar dawaki, da ruwa, da kaji, da ƙarti masu ɗaukar kaya zuwa zango na gaba. Mota ta sauke wa talaka wannan kaya, ta mai da tafiyar mako ta zama ta yini ɗaya.

Sa'an nan a duba rabonmu cikin laifin ɗumamar duniya. Afirka gaba ɗayanta ba ta fid da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. In an raba bisa kan mutane, ɗan Nijeriya bai kai tan 1 a shekara ba, Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Duk da haka ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ko da an ajiye motocin ilmi na jihar nan kaf, ma'aunin zafin duniya ba zai motsa ba. Wannan kuwa bai zama izinin almubazzaranci ba, gama Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a shekarar nan. Alkawari kuwa kaya ne.

Ɓarnar Da Ke Kusa Da Mu

Abin da ya fi damunmu shi ne, garin kallon sama an manta da ƙasa. Akwai ɓarna iri uku da mota ke yi a nan gida, wadda kowa ke gani da idonsa.

Ta fari, baƙin hayaƙin salansa. Wannan dabam ya ke da iskar kabon, shi ne mai shiga ƙirjin yaro mai talla a tasha. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Su ne 'yan Kwatanon da mu ke hawa. Wannan cuta tana da magani, gama an taɓa yin irinta aka ci nasara: a dā ana zuba darma cikin fetur, mai dakushe ƙwaƙwalwar yara, aka hana a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara tun farkon 2006, duniya duka kuma ta rabu da shi a 2021.

Ta biyu, abin da matafiyi ke bari a baya. Kukan mutanen Sikotilan ke nan, mu ma muna da namu. A duba ledojin ruwa da robobin lemo da a kan watsar bayan taron buɗe makaranta, waɗanda awaki ke haɗiya su mutu, su kuma toshe magudanar ruwa da damina. A duba baƙin man juye da a ke malalarwa a ƙasa kusa da rijiya. Ɗaliban da a ke kaiwa ganin zanen mutanen dā a duwatsun Birnin Kudu, ko tsuntsayen fadamar Baturiya, wadda aka sa cikin jerin fadamun duniya masu daraja a 2008, in ba a hore su ba za su bar wurin da shara, har wani ya rubuta sunansa a jikin dutsen.

Ta uku ita ce babba, watau motar itace da gawayi. A dā iyakar ɓarnar mai sara ita ce abin da jakinsa zai ɗauka zuwa kasuwa mafi kusa. Yau babbar mota ta kan shiga daji ta kwashe a yini ɗaya abin da ƙauye zai yi watanni yana ƙonawa, ta nufi birni. Jigawa na cikin jihohi 11 da ke fuskantar hamada, waɗanda shirin nan na Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Ina amfanin a dasa a Maigatari, a sare a Gwaram? Mai neman ya ceci ƙasar nan ya fara tsai da wannan mota kafin ya tsai da ta mai duba makarantu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Shawararmu ga ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan En'e ta dā, da 'yan'uwanmu malamai, ga ta. A tsara rangadi tun farkon zangon karatu, makarantun da ke hanya ɗaya a gama su cikin tafiya ɗaya. Mai duba makarantu da malamin asibiti da malamin gona in ƙauye ɗaya za su, su shiga mota ɗaya, kada girman kai ya raba su. Inda babur zai isa a bar babbar mota a gareji. Kowace motar ofis a ajiye mata littafi, akawu ya riƙa rubuta nisan tafiya, da man da aka sha, da yawan mutanen da ta ɗauka, da aikin da aka je yi, a kuma karanta shi a gaban majalisa kowane wata. A kai mota wurin makaniki a kan kari, gama taya maras iska da matatar iska mai datti suna ƙara shan mai. Waya a bar ta ga abin da ta iya, kamar kiran taro da aika lissafi. Duk inda aka sauka kuma a kwashe shara kafin a tashi, malamin da ya fita da yara ya riƙe buhu don haka.

Ga samarinmu masu suka, muna roƙo kada su yi shiru, sai dai su gyara tambayarsu. In sun ga motar Gwamnati ta wuce, su tambaya mutum nawa ke ciki, me aka je yi, me kuma aka bari a baya. Ma'aikacin da ya iya amsa waɗannan uku ba tare da kame-kame ba, a bar shi ya yi tafiyarsa, yara na can suna jiransa. Wanda ya kasa, a karɓe makullin. Allah ya ba shugabanninmu ikon tsare amana, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.