Zoɓo da zogale na da amfani, amma kar Baba ya ajiye maganinsa

1/ Mutanen Birnin Kudu da Gwaram, kun lura masu tallan magani da lasifika ranar kasuwa sun koyi sabuwar kalma? "Antioksidan". Da an faɗe ta, kuɗin kwalba ya tashi.

2/ Ba duka ne ƙarya ba fa. Jan launin zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, kuma gwaji a kan mutane ya nuna zoɓo na ɗan sauke hawan jini. Ɗan, na ce. Zogale ma yana da kwasetin, mai rage kumburi a ɗakin gwaji.

3/ Amma jikin ɓera daban, jikin Baba mai shekara 60 daban. Asfirin ma tushensa ɓawon itace ne, sai a 1897 aka haɗa shi a kamfanin Bayer, yau kowace ƙwaya da awonta. Jiƙon kasuwa fa, wa ya auna shi?

4/ Abin da ke ci min rai shi ne tsoho ya bar ƙwayar hawan jininsa saboda jiƙo, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Ku dafa masa zoɓonsa, a rage sukari, amma ku kai shi FMC Birnin Kudu a auna jinin nan.