Gwajin Sabon Magani: Abin da Kano Ta Koya Mana

Babu maganin da ke kantin asibiti wanda ba a fara gwada shi a jikin wani ɗan Adam ba. Saboda haka gwaji ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne yadda ake shirya shi, kuma mu a Arewa muna da labarin da ya isa ya koya mana hankali.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa ƙasar nan, ta kashe dubban mutane, yawancinsu yara. Ana cikin wannan hali sai kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano, ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi kuma wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance ko suka shanye. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Har takardar izinin gwajin ma an yi zargin daga baya aka rubuta ta. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano a 2003, wannan labari na cikin abin da jama'a suka riƙa ambata, cutar kuwa ta sake bazuwa har ƙasashen waje.

To, ina gyara? Na farko, yarda. Mahaifiyar da ɗanta ke sanƙarewa a hannunta za ta dangwala yatsa a kan kowace takarda. Dole a yi mata bayani da harshenta, a gaban shaidan da ba ma'aikacin kamfani ba, a kuma tabbatar mata cewa ko ta ƙi, za a yi wa ɗanta magani.

Na biyu, sa ido. Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idojin binciken lafiya a rubuce, kuma ba a gwajin magani sai da izinin hukumar NAFDAC. Amma doka ba ta tsare kanta. Ana bukatar kwamiti mai zaman kansa, da wakilan gari a ciki, wanda zai iya tsayar da gwaji a tsakiya. A shirya wannan tun kafin annoba, domin ranar tashin hankali ba ranar kafa kwamiti ba ce.

Na uku, bayan gwaji. A ci gaba da duba waɗanda aka gwada, a biya wanda ya cutu ba sai ya yi shekaru a kotu ba, a kuma bayyana sakamako ko mai daɗi ne ko marar daɗi.

Kada mu ce abin ba ya yiwuwa. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac an gwada ta a Mali da Gambiya da Senegal da Ghana, aka fara yi wa jama'a a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, ta kusan kawar da irin sanƙarau ɗin da ya addabe mu a 1996.

Saboda haka in masu bincike suka zo garinku, kada ku kore su, kada kuma ku miƙa musu yara ido rufe. Ku tambaya: wa ya ba da izini? In yaro ya cutu, wa zai ɗauki nauyi? Masu ilimi a cikinmu su karanta wa maƙwabta takardar kafin a sa hannu. Allah ya ba mu lafiya, amin.