Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa Kan Ɗaliban Makarantar Horas Da Lauyoyi

Mai girma Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya,

Na rubuto maka ne a matsayinka na jagoran gwamnonin jihohi 19 na Arewa, kan yaranmu da suka gama digirin shari'a amma rashin kuɗi ya tsare su a ƙofar zama lauyoyi.

Ranka ya daɗe, digirin shari'a shekara 5 ne a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba. Wanda ya gama bai isa ya tsaya gaban alƙali ya kare kowa ba sai ya yi shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, ya ci jarrabawarta, an rantsar da shi. Wannan makaranta da dokar 1962 ta kafa, wadda ta fara da ɗalibai 8 a Legas a 1963, ita kaɗai ce hanyar shiga aikin, ko a Bwari aka tura mutum, ko Bagauda, Yola, Legas, Agbani, Yenagowa ko Fatakwal.

A zangon karatu na 2023/2024 an ɗaga kuɗinta daga Naira 296,000 zuwa Naira 476,000, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ƙarin. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne. Ke nan uban da ke kan wannan albashi sai ya tara na kusan wata 7 bai sayi ko ƙwayar hatsi ba kafin ya biya rajista kawai. Kuma rajista somin-taɓi ce. Akwai littattafai da kwamfuta, akwai baƙaƙen kwat da fararen riguna da doka ta wajabta, akwai abinci, ga kuɗin mota daga Gusau zuwa Yenagowa ga wanda rabonsa ya kai shi can. Sannan a tura ɗalibi kotu da ofishin lauyoyi neman ƙwarewa na makonni, yana ciyar da kansa. Ya ci jarrabawa kuma, kuɗin rantsarwa da hular lauya da alkyabba suna jiran sa.

Ɗan mai hali ba zai ji wannan a jikinsa ba. Ɗan manomi da 'yar malamin firamare su ne suke ajiye takardar shiga su ce sai baɗi, baɗin kuma ta zo da sabon farashi. 'Ya'ya mata sun fi shan wahala, domin in gida ya ƙuntata, karatunsu ake fara jinginewa.

Na san wasu gwamnoni suna biya wa 'yan jiharsu, kuma Allah ya saka musu da alheri. Damuwata ita ce yadda abin yake gudana. Bana a biya, baɗi a yi shiru. Wani lokaci kuɗin sai ya fito bayan an rufe rajista, lokacin da iyaye sun riga sun sayar da gona ko sun ci bashi. Ɗalibai su haɗa tawaga, su yi ta zirga-zirga a ofisoshi suna neman wanda zai shigar da su wurin gwamna. Matashin da gobe zai tsaya a kotu ya ƙalubalanci hukuma in ta yi zalunci bai kamata ya fara aikinsa da roƙon alfarma wurin 'yan siyasa ba.

Magabatanku sun yi abin da ya fi haka tsari. A shekarun 1950 hukumomin Arewa da kansu suka zaɓo matasa suka tura su Ingila karatun lauya. Cikinsu aka sami Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, da Mohammed Bello, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Sun duba abin da yankin zai buƙata nan gaba, suka kashe kuɗi a kai.

Buƙatar tana nan har yau. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, da yawansu ba su da mai tsaya musu. Hukumar ba da agajin lauya kyauta da aka kafa a 1976 ba ta da ma'aikatan da za su kai ko'ina. Matar da aka danne wa gado a ƙauye tana buƙatar lauyan da yake jin harshenta, ya san fiƙihun gado, ya kuma san dokar ƙasa. Jami'o'inmu na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri suna yaye irin waɗannan, masu haɗa shari'ar Musulunci da dokokin zamani. Asara ce babba su ƙare a gida saboda kuɗin shekara guda.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka gabatar da wannan batu a taronku na gaba. Kowace jiha ta yi doka a majalisarta da za ta sa kuɗin wannan makaranta cikin kasafin shekara, a ƙarƙashin hukumar tallafin karatu. A biya makarantar kai tsaye kafin ranar rufe rajista, a ba ɗalibi ɗan abin kashewa duk wata, a kuma buga sunayen waɗanda suka amfana domin kowa ya gani. Wanda aka biya wa, bayan hidimar ƙasa ya yi wa jiharsa aikin shekara 2 da albashi, a ma'aikatar shari'a ko wajen kare marasa galihu a kotunan ƙananan hukumomi. Tun da kowace jami'a tana da adadin da aka ƙayyade mata na ɗaliban da za ta tura, lissafin abin da za a kashe ba zai yi wa kwamishinan kuɗi wuya ba, kuma Gombe za ta iya fara gwadawa kafin zango mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani uba daga Arewa